Allurar Mitar Baba

Baba: Alo? Alo! Wa ke nan?

Auta: Salamu alaikum, Baba. Ni ce.

Baba: Wa alaikumus salam. Ni ce wa? 'Ya'yana biyar, kowa sunansa ni ce.

Auta: Kai Baba. Auta ce mana.

Baba: Af, Injiniya! Yau rana ta ina ta fito? Ina kwana?

Auta: Ai ni zan gaishe ka. Ina kwana, an tashi lafiya?

Baba: Lafiya ƙalau. Ya karatu?

Auta: Alhamdulillahi. Ya shago? Ya gwiwar taka?

Baba: Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ki. Shago kuma ga shi, firij uku sun kwana, biyu sun tashi, ɗaya sai addu'a.

Auta: Allah ya tashe shi. Ya Mama? Ya su Yaya da yaranta?

Baba: Duk lafiya. Mamarki ga ta nan a ƙofar shago tana yi min alama da hannu. Wai kin ci abinci?

Auta: Ka ce mata na ci.

Baba: Ta ce ƙarya kike, daga nan ta ji muryar yunwa.

Auta: To na sha shayi. Baba, saurara, ba ni da lokaci sosai. Kana zaune?

Baba: A kan firij ɗin mutane nake zaune. Lafiya dai?

Auta: Lafiya lau. Na gano wani abu.

Baba: Kin gano wa? Ɗan gidan waye?

Auta: Ba mutum ba! Abu. A ɗakin gwaji. Na tura wa Farfesa saƙo da safen nan, ya ce in jira shi, zai zo da malamai uku su gani da idonsu. Saura minti ashirin da biyar.

Baba: Malamai uku? Ikon Allah. Ke, tsaya, 'yarki ta gano abu! Wai mene ne, in ji Mamarki.

Auta: Ka tuna farantin nan fari da kake cirowa daga ƙananan injinan sanyaya ruwa? Mai wayoyi biyu?

Baba: Wannan ɗan rainin hankalin? Ba gas, ba kwamfiresa, ka ba shi wuta gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗaya ya yi zafi. Na sani. Irinsa ne zai kashe mana sana'a.

Auta: To abin da ke cikinsa nake haɗawa. Kuma in ka juya aikin, ka ɗumama gefe ɗaya, shi zai ba ka wuta. A ciki akwai 'yan ƙananan ƙafafu iri biyu, nau'in N da nau'in P, a jere bibbiyu. Dole sai da duka biyun, in iri ɗaya ne ba ya aiki.

Baba: Mata da miji ke nan.

Auta: In ka so. Amma asalinsu ɗaya ne, sinadarai biyu, bismut da teluriyam. Abin da ke raba su ɗan ƙarin da ake barbaɗa musu ne kafin a narka. Kaɗan fa, kamar gishiri a tukunya.

Baba: Kamar me? Layin na kakkatsewa.

Auta: Gishiri! Na ce kamar gishiri!

Baba: To daina ihu, na ji. Me ake barbaɗawa?

Auta: In na sa aidin...

Baba: Aidin na ciwo? Mai sa ƙato kuka?

Auta: Shi fa, amma tsantsarsa. Shi yana shigowa da rarar ilaktiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar wuta. Sun yi yawa, ba su da wurin zama, sai yawo. Wannan shi ne N. In kuma na sa antimoni...

Baba: Anti wa?

Auta: Antimoni. Dangin tozali ne.

Baba: Aidin da tozali. Na tura ki jami'a, kin ƙare a jakar Mamarki.

Auta: Baba, ka bari in gama! Shi antimoni gurabe yake bari, wuraren da babu kowa. Ka ga bencin ƙofar shagonka in mutane sun yi layi? Na gaba ya tashi, na bayansa ya matsa, na baya ma ya matsa. Mutane suna yin gaba, gurbin yana yin baya. To a nau'in P gurbin nan ne ke ɗaukar wutar.

Baba: Wato babu ce ke aiki.

Auta: Yauwa, ka gane.

Baba: Na daɗe da sanin babu tana aiki, 'ya'ya biyar na yi da ita. To sai aka yi yaya?

Auta: Wata biyu ina fama. Awo, niƙa, narkawa a tanderu, matsewa. Na fitar da ƙwaya goma sha biyu, kowace kamar maɓallin riga. Shida masu aidin, shida masu antimoni. Jiya na gwada su. Ka san yadda ake yi, a ɗora jar waya a gefen da aka ɗumama da ƙarfen darma, baƙa a gefen sanyi. In allurar mita ta yi dama, N ne. In ta koma hagu, P ne.

Baba: Wannan ai aikinmu ne. Sai me?

Auta: Masu aidin suka yi hagu. Masu antimoni suka yi dama. Sun juye, Baba!

Baba: Guda nawa?

Auta: Duka!

Baba: Duka goma sha biyun?

Auta: Duka! Sau biyar ina maimaitawa. Kuma fa ba abin da ba ya faruwa ba ne, na karanta, wani lokaci yawan niƙa ko zafin tanderu yana juya nau'in abu. Amma a ce ɓangare biyu sun yi musaya lokaci ɗaya? Ban ga wanda ya taɓa rubuta haka ba. Farfesa ma alamar tambaya uku ya turo min.

Baba: Masha Allah. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke, ba ki ji ba, ta juya aidin! To wane inji ne ya nuna miki? Wannan babban da kika ce ya fi motar maƙwabcinmu tsada?

Auta: Ina! Wannan layin sati biyu ne a kansa. Ƙaramar mitar ɗakin kuma mai kula da kaya ya kulle a kabad ya tafi hutu da makulli. Ai nan ne daɗin labarin, shi ya sa na kira ka tun kafin su zo. Da mitarka na gwada.

Baba: ...

Auta: Alo? Baba?

Baba: Na'am. Layin ne.

Auta: Layi lafiyarsa ƙalau, ina jin rediyonka ma. Na ce da mitarka!

Baba: Wace mitar?

Auta: Mita nawa ka ba ni? Mai allura mana, mai tsaga a gefe, wadda ka naɗe min a tsumma ranar da zan taho.

Baba: Wannan ai ta ajiya ce. Na ba ki ne ki ɗora a kan tebur, ki riƙa kallo kina tuna tsoho. Ku da ke da injuna masu lambobi, me ya kai ki...

Auta: Haba Baba, mitar da ta ciyar da mu shekara talatin? Na ce abu na farko da zan gano a rayuwata da ita zan gano shi. Har na ɗauki hotonta na sa a shafin farko na bayanin da zan nuna musu.

Baba: Hoto kuma.

Auta: Da sunanka a ƙasa.

Baba: Da sunana. To. Madalla. Auta, minti nawa ya rage?

Auta: Sha takwas. Me ya faru? Muryarka ta canza.

Baba: Ƙura ce. Ke kuma ki shiga ciki mana, shayinki zai huce! Ba da ke nake ba, da Mamarki nake. Injiniya, tambaya ɗaya. Me na koya miki game da mita?

Auta: Kar a bar ta a rana.

Baba: Ɗayan.

Auta: Kar a ara wa mai gyaran rediyo.

Baba: Ɗayan dai!

Auta: Kafin ka tambayi mita abin da ba ka sani ba, fara tambayarta abin da ka sani.

Baba: Yauwa. Kin tambaye ta?

Auta: Baba, mitarka ce fa.

Baba: Ba shi na tambaye ki ba. Kin ɗora ta a kan batir?

Auta: Ban... to ai ɗoki ne ya kama ni. Allura tana motsi lafiya lau, me zan gwada?

Baba: Akwai batir kusa da ke?

Auta: Babu. Sai na agogon bango.

Baba: Ciro shi.

Auta: Agogon ɗakin gwaji? Yana can sama kusa da silin!

Baba: Taka kujera.

Auta: Kujerun nan masu taya ne, so kake in karye?

Baba: To taka tebur. Wa zai gan ki?

Auta: Wallahi Baba in na faɗo kai ne. Tsaya. Kar ka kashe. Wai, ƙurar da ke bayan agogon nan ta girme ni... Na ciro. Yanzu na tsayar da lokaci a ɗakin mutane.

Baba: Da ma zai tsaya ɗin da ya fi mana. Murɗa mitar zuwa ƙaramin awon batir. Ja a kan ɗan hancin batir, baƙa a gindinsa.

Auta: Na san wannan tun ina firamare.

Baba: To yi. Ina ya kamata allura ta nufa?

Auta: Dama.

Baba: Ina ta nufa?

Auta: ...

Baba: Alo? Yanzu kuma layin ne?

Auta: Ta koma hagu. Ta daki ƙusar da ke tare ta.

Baba: Uhm.

Auta: Batirin ne. Ƙila a juye aka buga alamarsa.

Baba: Auta.

Auta: Ko na riƙe shi a kife. Bari in sake. Ja a hanci, baƙa a gindi... Hagu. Baba, mene ne wannan?

Baba: To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wayoyin cikinta a musanye suke. Inda aka rubuta ja, baƙa ce. Inda aka rubuta baƙa, ja ce.

Auta: Tun yaushe?

Baba: An ɗan jima.

Auta: Tun yaushe, Baba?

Baba: Shekara ashirin. Da ɗoriya.

Auta: Shekara ashirin! Kuma kana aiki da ita kullum?

Baba: Hannuna ya saba. Ina ɗauka nake juyawa, ban ma san na yi ba. Ke ba ki taɓa lura baƙa nake ɗorawa a hanci ba?

Auta: Na ɗauka salo ne! Na ɗauka irin na manyan masu gyara ne!

Baba: To, salon ne ya zama.

Auta: Innalillahi. Shi ya sa mai gyaran rediyo ya dawo da ita a guje, yana cewa ba ta aiki a hannun kowa sai naka?

Baba: Shekara nawa ke nan bai sake aro ba? Kin ga ta yi amfani.

Auta: Kuma ka bar mutanen layin suna cewa mitarka ta san mai ita! Har kana shafa gemu!

Baba: Ni ban ce ba. Su suka ce, ni kuma ban musa ba. Mai gyara ya fito ya ce ya liƙa waya a juye? Wa zai sake kawo min firij?

Auta: Ba abin dariya ba ne! Ka san me na rubuta wa Farfesa? Na ce na ga abin da ba a taɓa gani ba. Da manyan baƙaƙe na rubuta! Mutumin da ko sannu ba ya ce wa ɗalibi sai ya ga dama, yau ya bar ofis ya tattaro abokansa saboda ni. Minti sha biyu, Baba. Na shiga uku.

Baba: Ba ki shiga ba, kina bakin ƙofa dai.

Auta: Me ya sa ba ka buɗe ta ka gyara ba? Aikin minti biyar!

Baba: Da gam na liƙe murfin, mai ƙarfin nan. Jikinta ya riga ya tsage, in na ɓamɓare sai ta watse.

Auta: To me ya sa ba ka faɗa min ba ranar da ka ba ni? Kalma ɗaya!

Baba: Na yi niyya. Har na buɗe baki a tasha.

Auta: Sai me?

Baba: Sai kika rungume ta kika ce, Baba, ka tuna ranar da na jefa ta a bokiti ka warkar da ita? Sai na rufe bakina.

Auta: Me ya haɗa wannan da... Tsaya. Ranar ce?

Baba: Shekararki biyar. Kin ce ta yi datti za ki yi mata wanka. Ta daki bakin bokiti ta tsage, ta nutse. Kika yi ta kuka har numfashinki yana ɗaukewa, kin ƙi abinci, wai kin kashe mitar Baba, yanzu ba za mu sake cin komai ba. Na buɗe ta a gabanki, na shanya, na liƙa wayoyin ina sauri, ke kina rataye a wuyana hawaye na zuba min cikin riga. A haka wa zai ga ja ya ga baƙi? Na rufe na sa gam. Da na ɗora batir na ga ta yi hagu, sai na yi maza na juya hannu kafin ki ɗago. Allura ta yi dama. Na ce kin gani, ta warke sarai, ba abin da ya same ta.

Auta: Na tuna. Har na yi tafi.

Baba: Kin yi tafi, kin cinye kwano biyu.

Auta: Ashe ni na lalata ta.

Baba: A'a, a raba laifi daidai. Ke kika jefa, ni na juya. Wanda kuma bai gwada batir ba jiya, ba zan faɗi sunansa ba.

Auta: Baba, kar ka sa ni dariya, haushinka nake ji.

Baba: Ji abinki, kin isa. Amma share hancin nan, ina jin sa daga nan. Ki ba ni amsa. In mita a juye take, masu aidin da suka yi hagu, ina suka nufa a gaskiya?

Auta: Dama.

Baba: Wato?

Auta: N.

Baba: Abin da kika nema ke nan?

Auta: Shi ne.

Baba: Masu tozalin fa?

Auta: P. Su ma shi na nema.

Baba: Guda nawa suka fito daidai?

Auta: Goma sha biyu.

Baba: Cikin nawa?

Auta: Cikin goma sha biyu. Wanda ya riga ni a aikin nan, bakwai ya samu a karon farko, har aka yaba masa.

Baba: To! Ni shekara talatin ban taɓa tayar da firij goma sha biyu a jere ba tare da ɗaya ya dawo ba.

Auta: Amma ba shi na ce su zo su gani ba. Na kira su ganin abin mamaki, zan nuna musu cewa aidin ya yi aikin aidin. Za su yi min dariya har a ofisoshinsu.

Baba: Za su yi. Kwana uku, in ta yi tsawo sati. Da sun tafi da labarin fa, an kai kan babban inji bayan sati biyu?

Auta: Kar ma ka faɗa.

Baba: To kin gani. Ki ce musu laifin wani tsohon mai gyaran firij ne. Ko ki haɗa ni da Farfesan, ni zan yi masa bayani, dattijo da dattijo.

Auta: Allah ya kiyaye! Ka fara ba shi labarin bokiti?

Baba: Zan taƙaita.

Auta: Ba ka iya taƙaitawa ba. Kuma ba kai ka tura saƙon ba, ni ce. Ni zan faɗa. Zan ɗora batir a gabansu su ga hagun da idonsu, sannan in juya wayoyin in bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Baba: Haka mai gyara yake yi. Wanda ya fi ubanki, ina nufin.

Auta: Me Mama take cewa? Ina jin muryarta.

Baba: Ba komai.

Auta: Baba.

Baba: Wai ita ta sani tun ranar, tana tsaye a bayana. Maman Auta, shekara ashirin ke ma kika yi shiru? To ai shi ke nan, gidan duk a juye yake.

Auta: Har da Mama! Baba, ina jin takalma a baranda. Sun yi sauri! Ko ni ce... agogon ma na kashe shi!

Baba: Mai da hankali. Goge fuska. Ki cire hoton nan da sunana tun kafin su zauna, kin ji? Mitar kuma ki naɗe ta, in kin zo hutu ki dawo min da abata, in nemo miki sabuwa mai lambobi wadda ba ta ƙarya.

Auta: Hoton yana nan inda yake.

Baba: Auta, kunya za ki ba ni a gaban malamai.

Auta: Tare za mu sha ta. Ga su nan, har da mai ɗaukar hoto a waya. Sannu da zuwa, Farfesa, bismillah, ku shigo, minti ɗaya...

Baba: Auta! Tsaya. Har yanzu kina fushi?

Auta: Sosai ma.

Baba: To mitar...

Auta: Tawa ce, ni na yi mata wanka. Ba ta dawowa.

Baba: To ki tuna, baƙa a hanci! Baƙa a... Alo? Alo, Injiniya?